Daga Tirmini zuwa Yukren: ina mamaya take ƙarewa?



Tun ranar 24 ga Fabrairu 2022 da sojojin Rasha suka ƙetara iyakar Yukren, gardama ba ta mutu ba a majalisunmu, daga rumfunan kasuwar Matameye har ofisoshin ma'aikata a Damagaram. Tambayar kullum guda ce: wa zai ci? Masu sauraren rediyo sun rabu biyu kamar magoya bayan ƴan kokawa, waɗansu na cewa Rasha ta fi ƙarfin kowa, waɗansu na cewa kuɗin Amurka da Turai sai sun durƙusar da ita. A ganina tambayar ce gurguwa. Yaƙin mamaya ba kokawa ba ne da za a kada mutum, alƙali ya busa usur, a miƙa takobi a watse. Wanda yake son hango ƙarshen irin wannan yaƙi ba sai ya je Turai ba. Ya tsaya a Dawce ya fuskanci kudu, wajen iyaka, ya tambayi kansa yadda aka yi layin nan ya zo nan.

A ƙarshen ƙarni na 19 Faransa tana da buri guda: ta haɗa mulkinta na Aljeriya da na Afirka ta Yamma da na Kwango, su gamu a tabkin Cadi. Damagaram kuwa tana bisa hanya. Kada mai karatu ya ɗauka wata ƙaramar sarauta ce. Ita ma daula ce mai cin ƙasashe. Sarki Tanimun ya kewaye birni da ganuwa, ya sa maƙera suna ƙera masa igwa, ya tara ƴan bindiga. Ƙasar Kance tana ƙarƙashinta. Ɗansa Amadu Kuran Daga har cikin ƙasar Kano ya kai yaƙi a zamanin Sarki Alu. Da Kaftin Cazemajou ya sauka Zinder a 1898, fada ta ji tsoron zai wuce ya haɗa kai da Rabe a Borno, aka kashe shi tare da tafintansa ranar 5 ga Mayu. Duk wanda ya auna al'amarin da mudun wannan rana cewa zai yi Damagaram ta ci.

Shekara na zagayowa sai ga ayarin Kaftin Voulet da Kaftin Chanoine ya taso daga bakin kogin Isa, yana ƙone gari bayan gari. A watan Afrilu 1899 suka gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, a watan Mayu suka yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Labarin ta'asarsu ya kai Paris, gwamnati ta ji kunya, ta aiko Kanar Klobb ya karɓe ragamar ayarin. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Klobb. Ranar 16 sojojinsu baƙaƙen fata suka yi bore suka kashe Chanoine, washegari suka kashe Voulet a Maijirgi. Cikin kwana huɗu ayarin ya rasa manyansa uku, kuma babu ko ɗaya da ya faɗi da kibiyar abokin gaba. Ka ce shi ke nan, Allah ya raba mu da su.

Ina! Kwana goma sha uku bayan mutuwar Voulet, ranar 30 ga Yuli, Laftana Pallier ya shiga Zinder bayan ya fasa rundunar sarki a Tirmini. A watan Satumba aka kashe Sarki Amadu. A watan Nuwamba ayarin Foureau da Lamy ya iso daga Aljeriya, ya ratso Sahara. Ranar 22 ga Afrilu 1900 ayari uku suka haɗu suka kashe Rabe a Kuseri, Lamy ma ya mutu a nan. Burin ya cika. Dalili kuwa shi ne, burin bai taɓa zama cikin kan wani kaftin ba. Yana cikin ofishin minista, bisa taswira, da layinsa cikin kasafin kuɗi. In hafsa ya mutu sai a aiko wani.

To, me ya tsai da Faransa? Ba mashi ba ne, ba kuma tausayi ba. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta: Ingila ce. A Fashoda, bakin kogin Nilu, Ingila ta tilasta wa Faransa janyewa a ƙarshen 1898. A nan wajenmu kuwa bisa tebur aka yi ta. Ranar 14 ga Yuni 1898, kwana arba'in cif bayan kashe Cazemajou, ƙasashen biyu suka sa hannu bisa takarda a Paris. Aka kafa tsinin bakar awo bisa birnin Sakkwato, aka zana da'ira mai nisan kilomita 160, daga nan aka ja layi miƙaƙƙe gabas, a sauko kudu, a sake miƙewa. Wani sashen layin ya ratsa ƴan kilomitoci kaɗan kudu da Matameye. A lokacin babu Bature ko ɗaya da ke mulki a Sakkwato ko Kano ko Zinder. Ingila ba ta ci Kano da Sakkwato ba sai 1903. Bisa wannan takarda Dogon Dutse da Ƙonni da Madawa da Maraɗi da Magarya duk rabon Ingila ne.

Ba a daɗe ba Faransa ta gane an bar ta da ƙishirwa: hanyar da ta rage mata daga kogi zuwa Zinder ba ta da rijiyoyin da za su shayar da ayari. Sai ta koma ciniki. Ranar 8 ga Afrilu 1904 aka yi babban sulhu tsakanin Landan da Paris. Faransa tana da wani tsohon haƙƙin kamun kifi da shanya shi a gaɓar tsibirin Niyufanlan, can kusa da Kanada. Ta saki wannan haƙƙi, aka biya ta da ƴan tsibirai kusa da Konakiri, da wani yanki a Gambiya, da gyaran iyaka tsakanin kogin Isa da tabkin Cadi. Fatake masu karatu, ku da kuka san furfure, ku auna wannan: a cikin abin da ya mai da mutumin Maraɗi da na Magarya ƴan Nijar har da busasshen kifin wani teku da kakanninsu ba su taɓa jin sunansa ba. Aka ƙara daidaita layin a Landan ranar 29 ga Mayu 1906, sannan Kaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi daji daga 1906 zuwa 1908 suna kafa alamun iyaka, guda 148. Babu sa hannun Sarkin Kance ko na Daura a kowace takarda.

Abin da ya biyo baya kowa ya san shi a Dawce. Wa yana kai haraji ga kumandan, ƙane a Mai'aduwa ko Zango yana kai wa Bature mai wani harshe. Ɗan wannan ya shiga lakwal ya koyi Faransanci, ɗan wancan ya koyi Ingilishi. Wannan sefa, wancan naira. Turawan sun tafi tun 1960, amma layinsu bai tafi ba. Mai kai rake ko wake ko dabba kudu yana tsayawa ga duwan a Ɗan Barto, ya sake tsayawa a Kwangwalam. Da Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta 2019, da kuma lokacin takunkumin Sedeyawo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, talakan da bai san Tilho ba shi ya biya kuɗin aikin Tilho.

Yanzu mu ɗauki wannan mudu mu koma Yukren. A makonnin farko na 2022 Rasha ta nufi birnin Kiyef, ta kasa, ta janye a ƙarshen Maris da farkon Afrilu. A watan Nuwamba Yukren ta ƙwato birnin Kerson. Masu tafi suka yi tafi, kamar yadda aka yi a Zinder ranar Cazemajou. A watan Yuni 2023 Pirigojin, shugaban sojojin hayar Wagner, ya juya bindiga ya nufi Mosko. Wata biyu bayan haka jirginsa ya faɗi ya mutu. Rasha ta samu nata Voulet ke nan, kuma yaƙin ko tuntuɓe bai yi ba. Burin a rubuce yake tun kafin a harba harsashi: a watan Yuli 2021 Putin ya wallafa doguwar maƙala yana cewa Rashawa da mutanen Yukren al'umma guda ce. Kafin nan an yi Jojiya a 2008, an yi Kirimiya a 2014. Ranar 30 ga Satumba 2022 ya shelanta haɗe jihohi huɗu na Yukren da Rasha, alhali sojojinsa ba su riƙe da su duka. Wannan ma mun san shi: a zana ƙasa bisa takarda tukuna, a je cin ta daga baya.

Akwai inda kwatancin ya karye, kuma tilas a faɗa. Damagaram ita kaɗai ta tsaya a Tirmini, igwarta ƙirar gida, babu mai aiko mata harsashi. Yukren tana da masu ba ta makamai da kuɗi, tana ƙera nata, kuma ta nuna ba ta haɗiyuwa. Saboda haka ban ga alamar Rasha za ta cinye ƙasar duka ba. Amma ban ga alamar za a kore ta ƙaf ba kuma. An kori Iraƙi daga Kuwaiti a 1991 domin wanda ya fi ta ƙarfi ya sauko da sojojinsa da kansa. Babu mai saukowa da kansa ya tari ƙasar da take da makaman ƙare dangi. A 2025 kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar Yukren yana hannun Rasha. Abin da na fi zato shi ne layi: inda sojoji suka gaji nan za a ja shi, a kira shi na wucin gadi, kamar na Koriya da aka ja a 1953.

Teburin ma an riga an ga ƙafafunsa. Ranar 18 ga Fabrairu 2025 manyan jami'an Amurka da na Rasha suka zauna a Riyad bisa batun Yukren, babu ɗan Yukren a ɗakin. Ranar 15 ga Agusta Tiramp da Putin suka gana a Alaska, haka nan. Tsakanin zaman biyu, ranar 30 ga Afrilu, Amurka ta sa hannu da Yukren bisa yarjejeniyar da ta shafi ma'adinan ƙasar. Kifin ya sake kama ne kawai.

Ko layi zai kashe burin? Na 1904 bai kashe na Faransa ba, ya dai juya shi ciki da arewa. A 1906 ta tuɓe Sarki Amadu Ɗan Basa bisa zargin shirya tawaye, ta kai shi Kodebuwa, aka bar Damagaram ba sarki sai 1923. Da Kawusan ya kewaye Agadas a ƙarshen 1916, Ingila ɗin nan da suka yi gaba da ita ita ta taimaka mata daga Najeriya. Buri irin wannan bango kaɗai yake ji. Shi ya sa Finlan ta shiga ƙungiyar tsaro ta OTAN a 2023, Suwidin ta bi ta a 2024. Waɗanda ke bayan bangon ina zaton za su kwana lafiya. Waɗanda ke waje, irin Moldoba da Jojiya, su ne gemunsu ke kusa da wuta. Takarda kaɗai ba ta tsare kowa: a 1994 Yukren ta yarda ta rabu da makaman ƙare dangin da ta gada, Rasha da Amurka da Ingila suka sa hannu a Budafes cewa za su girmama iyakokinta.

A nan nake da magana da waɗansu abokaina ma'aikata da ke yi wa Rasha kirari don kawai ta zama ƙaya a ƙafar Faransa. Fushin da ake yi da Faransa yana da dalili. Rijiyoyin Ƙonni shaida ne. Wanda ƙasa za ta yi hulɗa da shi kuma ruwanta ne. Amma a duba hujjar da ake tafa wa: harshenmu ɗaya, tarihinmu ɗaya, iyakar nan kuskuren jiya ce, don haka mai ƙarfi yana iya share ta. Ku ɗauko wannan hujja ku ajiye ta tsakanin Dawce da Daura, ku ƙidaya mutanen kowace ƙasa, sannan ku faɗa mini wa take yi wa amfani. Shugabannin Afirka sun hango haka tun 1964 a Alƙahira, da suka yarda kowa ya riƙe iyakar da ya gada ranar samun ƴanci, duk da sun san Bature ne ya zana ta. Da wannan ƙa'ida ta tsohuwar iyaka Cadi ta tsaya gaban kotun duniya ta Lahai: Libiya ta shiga zirin Awuzu a 1973, kotu ta yanke hukunci a watan Fabrairu 1994, sojojin Gaddafi suka fita a ƙarshen Mayu. Shekara 21 aka yi, da jini mai yawa, kuma Libiya ba Rasha ba ce.

Mutanen jihar Kerson sun riga sun fara ɗanɗana abin da kakanninmu suka ɗanɗana. Tun Nuwamba 2022 kogin Dinifro ya raba jihar biyu: birnin a hannun Yukren, ƙetaren kogin a hannun Rasha, da kuɗin Rasha, da fasfo ɗin Rasha, da littattafan makarantar Rasha. Babbar gadar da ke haɗa gaɓar biyu, sojojin Rasha sun karya ta a daren da suka ƙare janyewa.