Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Tarihin Marsandi a Bakin Masu Ita

Gabatarwa

Cikin kalmomin aro da suka zauna daram a bakin Bahaushe, kaɗan ne suka ɗauki nauyin ma'ana irin na "Marsandi". Idan aka ce wane ya sayi Marsandi, mai sauraro ba ya tambayar ƙarfin injinta ko shekarar da aka ƙera ta, ya riga ya fahimci cewa Allah ya yi wa mutumin buɗi. Ra'ayin da wannan maƙala take son karewa shi ne, martabar motar nan masu amfani da ita ne suka gina ta tun daga ranar farko, kuma su ne suka fara lura a lokacin da ta soma raguwa. Don haka tarihin da aka tsamo daga taskar kamfanin Mercedes-Benz kaɗai rabin labari ne. Sauran rabin yana bakin direba da makanike da mai mota, wani yanki nasa kuma da Hausa ake ba da shi, amma har yanzu bai samu kulawar da ta dace daga manazarta ba.

Matar Maƙeri da Attajiri Mai Ƙorafi

A ranar 29 ga Janairu, 1886, Karl Benz na birnin Mannheim a Jamus ya nemi rajistar mallakar fasahar wata mota mai ƙafa uku da ke aiki da injin fetur. Daga wannan rana kamfanin yake ƙirga shekarunsa. Sai dai shekara biyu bayan haka motar ba ta samu kasuwa ba, mutane na kallonta a matsayin abin wasan maƙeri. Wadda ta sauya wannan kallo ita ce matarsa, Bertha, wadda dukiyarta ta taimaka wajen tsayar da sana'ar mijin. A watan Agusta na 1888 ta ɗauki motar ba da saninsa ba, ita da 'ya'yanta biyu, ta nufi garin iyayenta, Pforzheim, tafiyar kimanin kilomita 106. A hanya ta sayi mai a kantin magani na garin Wiesloch, ta buɗe bututun mai da ya toshe da tsinken hularta, ta sa baduku ya lulluɓe katakon birki da fata. Da ta dawo ta shaida wa mijinta cewa motar na buƙatar ƙarin giya domin hawan tudu. Rahoton farko a tarihin wannan mota, ke nan, daga bakin wadda ta sha wahalar hanya ya fito.

Haka shi ma sunan, mai saye ne ya raɗa shi. A ɗaya ɓangaren na kudancin Jamus, kusa da Stuttgart, Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suna nasu aikin. Wani attajiri ɗan Ostiriya mazaunin birnin Nice na Faransa, Emil Jellinek, ya dame su da ƙorafin cewa motocinsu sun cika tsayi, ba su da gudu, kuma suna saurin kifewa. A 1900 ya yi odar motoci 36 bisa sharaɗin a ƙera su yadda yake so, a kuma sa musu sunan 'yarsa, Mercédès. Motar da Maybach ya fitar ta yi zarra a tseren Nice na 1901, aka yi wa sunan rajista a 1902. Sai a 1926 kamfanonin Benz da Daimler suka haɗe. Sunan wata yarinya da mahaifinta ya cusa wa kamfani shi ne ya ratsa teku da hamada, harshen Hausa ya tanƙwara shi ya koma Marsandi.

Shekarun Ƙarko

Ba za a tauye wa injiniyoyin kamfanin haƙƙinsu ba. Su suka fitar da samfurin 260 D a 1936, ɗaya daga cikin ƙananan motocin farko masu aiki da gas. Béla Barényi ya tsara gangar jikin da gaba da bayanta ke lanƙwashewa a lokacin karo domin ɗakin fasinja ya tsira, aka fara amfani da tsarin a 1959. Birkin da ba ya ƙame taya ya zo a 1978, jakar iska mai kare direba a 1981. Akwai kuma shafin da tallace-tallace ba sa buɗewa: a Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun kamfanin sun yi amfani da dubban mutanen da aka tilasta wa aiki, abin da shi kansa ya amsa daga baya.

Amma abin da ya sa sunan ya shiga bakin talakan da bai taɓa riƙe makullinta ba shi ne ƙarko, shi kuwa ƙarko ba a tabbatar da shi a ɗakin baje koli. Samfurin W123, wanda aka ƙera kimanin miliyan 2.7 daga 1976 zuwa 1986, ya yi aikin tasi a Jamus, da ya tsufa a can aka tura shi Maroko, ya shafe wasu shekaru masu yawa yana jigilar fasinja shida-shida tsakanin garuruwa. A birnin Thessaloniki na Girka wani direban tasi ya yi tafiyar kilomita miliyan 4.6 da samfurin 240 D, yana sauya mata inji idan ya gaji, har a 2004 ya miƙa ta ga gidan tarihin kamfanin. Abin lura a nan shi ne, motar da ake kira ta alfarma 'yan haya ne suka ba da shaidarta. Attajiri ya saye ta domin suna, sunan kuwa direban tasi ne ya sha rana ya samo mata shi.

Marsandi a Ƙasarmu

A Nijeriya ma fuska biyu motar take da su. Ta farko ita ce ta mulki da sarauta da dukiya. Cikin baƙar Marsandi aka harbe Janar Murtala Ramat Muhammad a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976, kuma motar tana nan a gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan da hujojin harsashi a jikinta. Fuska ta biyu ita ce ta ƙwadago. Babbar motar kaya samfurin 911 ta ɗauki hatsi da albasa da dabbobi daga Arewa zuwa Kurmi shekara da shekaru, kuma daga 1980 kamfanin ANAMMCO na Inugu ya riƙa harhaɗa manyan motoci da bas-bas masu ɗauke da tauraron nan mai tsini uku. Yaron motar da ya kwana a kan buhunan gero da alhajin da ke kishingiɗe a kujerar baya, tauraro ɗaya ne a gabansu.

Daga baya, da tattalin arziki ya tsuke, sabuwar Marsandi ta fi ƙarfin ma'aikaci da matsakaicin ɗan kasuwa, sai kasuwar 'yan Kwatano ta buɗe. Samfurin W124, wanda ake kira Bi-but saboda siffar murfin bayansa, ya zama abin alfahari a hannun mai shi na uku ko na huɗu. Abin da ya raya shi a nan shi ne makanike yana iya buɗe shi da sifana da sukudireba, ya saurari ƙarar inji ya faɗi ciwon, ya aika yaro Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a samo kayan gyara. Ƙarkon da muke yabo aikin haɗin gwiwa ne tsakanin maƙerin Jamus da makaniken bakin titi, sai dai sunan ɗaya ne kawai yake jikin motar.

Da Rufi Ya Fara Yoyo

A 1989 kamfanin Toyota ya fito da Lexus LS 400, mota mai laushi da natsuwa a farashin da ya gaza na takwararta ta Jamus. Daga nan Mercedes-Benz ya shiga rage kuɗin ƙira da yawaita samfura, ya kuma haɗe da Chrysler na Amurka a 1998, auren da ya mutu a 2007. A cikin waɗannan shekaru ne masu motoci suka fara kuka. Rigar wayoyin injin wasu motocin farkon shekarun 1990 takan ruɓe ta farfashe. Samfurin W210 ya yi ƙaurin suna wajen tsatsa. A 1997 ƙaramar A-Class ta kife a gwajin kauce wa haɗari da wata mujallar Suwidin ta yi, har aka dakatar da sayar da ita aka sake mata tsari. Birkin lantarki da aka sa wa E-Class ya jawo kiranyen motoci kimanin 680,000 a 2004, da wasu miliyan 1.3 a 2005, daga ƙarshe aka cire shi daga samfurin. A yawancin waɗannan, wanda ke zaune a bayan sitiyari ya riga takardar kamfani sanin inda matsalar take.

A yau sauyin ya wuce batun tsatsa. Motar zamani kwamfuta ce mai taya huɗu, ba a gane ciwonta sai an jona mata na'ura. A 2022 kamfanin ya sanar wa masu wasu motocinsa na lantarki a Amurka cewa za su iya biyan dala 1,200 a shekara domin a buɗe musu ƙarin ƙarfin da ke cikin motar da suka riga suka saya. Wannan ya taɓa ma'anar mallaka kanta. Bahaushen da ya tara kuɗi ya sayi 'yar Kwatano mai shekara goma sha biyar, martabar W123 yake biya, amma abin da ake miƙa masa makullinsa wata halitta ce dabam, wadda idan fitila ta kama a dashbod ko jakar iskar ƙafa ta sace, kuɗin gyaran kan girgiza aljihu. Ba a rasa irin waɗannan motoci a garejojinmu, sun yi ƙura suna jiran wani ɗan ƙarfe daga Turai.

Hanzari Ba Gudu Ba

Mai karatu na iya cewa wannan duk begen jiya ne, kuma yana da hujja. Tsofaffin motocin da muke gani a titi su ne waɗanda suka tsira, dubban da suka mutu sun tafi wurin 'yan gwangwan, ba mai ba da labarinsu. Ita kanta W124 da muke kambamawa ta sha ƙorafin direbobin tasi na Jamus a farkon fitowarta. Sabuwar Marsandi ta fi tsohuwa kare rai a haɗari, ta fi ta tsimin mai, ta fi ta ƙarancin hayaƙi. Haka nan ba kowane lalacewa ne laifin maƙeri ba: akwai gurɓataccen mai, da ramukan hanya, da jabun kayan gyara, da mai motar da ba ya juyen baƙin mai sai inji ya yi kuka.

Na yarda da duk wannan, amma yana ƙarfafa batuna ne. Idan ingancin mota ya dogara da man da take sha, da hanyar da take bi, da hannun da ke gyara ta, to babu yadda za a auna shi daga Stuttgart. Kamfani yana ƙira ne da tunanin mai saye na farko, wanda zai rabu da motar bayan 'yan shekaru. Mafi tsawon rayuwarta kuwa a hannun na biyu da na uku da na huɗu take yinsa, a wurare irin Kano da Maraɗi da Kumasi. Wanda yake son sanin gaskiyarta, can zai je ya tambaya.

Kammalawa

A nan ne maganar ta dawo gidanmu. Nazarin Hausa ya yi nisa a kan kalmomin aro, ana kawo misalan birki da kuloci da kafireta da lagireto a darasin tsarin sauti. An kuma san sunaye irin su akori-kura da roka da ƙiya-ƙiya da gingimari, an san makaɗa irin su Alhaji Mamman Shata sun wasa direbobi. Abin da ya rage shi ne a ɗauki mai mota da direba da makanike a matsayin majiyar tarihi, kamar yadda ake ɗaukar maroƙi da ɗan kira. Wa ya raɗa wa kowane samfuri laƙabinsa, kuma me laƙabin yake faɗi game da halin motar? Da waɗanne kalmomi makanike yake siffanta ƙarar inji mai lafiya da marar lafiya? Yaya ma'anar Marsandi ta sauya daga zamanin arzikin mai zuwa zamanin 'yan Kwatano, kuma yaya ƙagaggun labarai da finafinan Hausa suke amfani da ita wajen nuna girma ko fankama?

Lokaci ba ya jiranmu. Dattawan da suka tuƙa 911 daga Kano zuwa Legas suna ƙarewa, makanikan da suka koyi sana'a da kunne suna ba wa masu na'ura wuri. Kamfanin yana da gidan tarihi da ma'aikatan da ke adana kowace takarda tasa, su kuwa waɗannan ba su da kowa sai mai rikoda da zai zauna a benci ya saurare su. Ɗalibin da ke neman batun kundi zai samu abin rubutawa a tashar mota mafi kusa da shi, kuma malaman da ke amincewa da batutuwa ya kamata su buɗe masa wannan ƙofa tun masu labarin suna da rai.