Wace Makaranta Za A Sa Yaron Nan?

Duk ɗalibin da ya fito daga ƙauyukan arewacin Kano, ko daga ƙasar Ɗambatta yake, ko Bichi, ko Makoɗa, ko Kunchi, ya san tambayar da ke jiransa in ya je gida hutu. Bayan sallar isha'i, an shimfiɗa tabarma a zaure, sai wa ko kawu ya gyara murya ya ce, "To, ɗan jami'a, ga ɗanka ya isa shiga makaranta, ina za mu kai shi?" Mu kuwa da muka sha karatun littattafai sai mu tarar ba mu da amsa, ko kuma mu ba da amsar da za ta nuna mu wayayyu ne. Wannan amsa ta biyu ita ce abin tsoro, domin kuɗin da za a biya daga rumbu za a ɗebo shi.

A da can zaɓin bai da yawa. Akwai makarantar allo, akwai kuma firamaren hukuma, wadda ta watsu cikin ƙauyuka bayan da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta na UPE a 1976. Yanzu kuwa a garin da bai fi unguwa huɗu ba za ka iske firamaren gwamnati, da makarantar kuɗi mai allon suna da Turanci, da kuma Islamiyya wadda mutanen gari suka gina da gumin goshinsu.

Mu dai ra'ayinmu, wannan ta ukun ce ta cancanci a tsaya a dube ta da kyau. A ƙasar Amurka, jihar Minnesota ta yi doka a 1991 wadda ta ba jama'a damar kafa makaranta su tafiyar da ita da kansu, gwamnati ta biya kuɗin, bisa sharaɗin in ba ta yi aiki ba a karɓe takardar izninta. Mu ba mu da doka irin wannan, amma muna da abin da ya yi kama da ita tun kafin su. Tun cikin shekarun 1950 Malam Aminu Kano da abokan gwagwarmayarsa suka yi ta kiran a kafa Islamiyyu inda yaro zai zauna a aji ya koyi addini da lissafi da rubutu. A yau Islamiyyar da ta yi rajista, ta ɗauki manhajar firamare, tana iya samun malaman da hukuma ke biya, alhali gini da shugabanci suna hannun mutanen gari. Amfanin wannan tsari a fili yake. Malamin da ya san mai unguwa da liman da iyayen yara ne suka ɗora tubalin ajin da yake ciki, ba zai yi kwana uku bai zo ba a rasa mai tambayarsa.

Sai dai kada a ɗauka muna cewa kowace Islamiyya ta fi kowace firamare. Mun ga wadda sunan boko kawai take ɗauke da shi, yaro ya shekara huɗu bai san haɗa baƙi da wasali ba. Haka kuma mun san firamaren gwamnati da hedimasta ɗaya mai kishi ya tsaya mata har ta zama abin alfahari. Abin da muke cewa shi ne a je a gani. Mutumin da ba zai sayi tunkiya a kasuwa ba sai ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ta yaya zai miƙa ɗansa ga makarantar da bai taɓa leƙa ajinta ba? A je da hantsi ranar da ba a sanar ba, a ga ko malami na cikin aji. A kira yaro ɗan aji uku a miƙa masa takarda da Hausa, a ce ya karanta layi biyu. In ya karanta, an sami makaranta.

Mun ce da Hausa da gangan. Babbar cutar da ke damun 'yan boko irinmu ita ce sha'awar jin ƙaramin yaro yana rera Turancin da bai san ma'anarsa ba. Makarantun kuɗi da yawa wannan suke sayarwa, da riga mai kyau da lakataye. Alhali kuwa Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida, aka ga ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin ma. Yaron da ya iya karatu da harshen da yake mafarki da shi, Turanci ba zai gagare shi ba daga baya.

Akwai kuma maganar nisa, wadda mu mazauna ɗakunan kwanan jami'a muka saba mantawa. Ƙasarmu gona ce haɗe da gona, gari kusa da gari, amma tafiyar da babba ke gani ba komai ba ce, ga ɗan shekara shida doguwa ce. Da damina gero ya rufe hanya, rafi ya kawo, uwa ba za ta saki 'yarta ta ratsa gonaki ita kaɗai ba, kuma gaskiya gare ta. Yarinyar da aka sa a makarantar garin gaba domin ta fi suna, ita ce wadda za a cire tun kafin ta kai aji huɗu. Haka batun kuɗi: manomi yana da abin biya da kaka in ya sayar da gyaɗa da wake, amma zangon karatu uku ne, kuma na ukun yana zuwa daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ana neman kuɗin taki. Sai a tambayi shugaban makaranta tun farko ko yana korar yara saboda bashi.

A 2024 gwamnatin Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi, wanda ke nuna ita kanta ta yarda gyara ya zama tilas. Kafin gyaran ya iso ƙauyenmu, kowace firamare da Islamiyya mai rajista ana son ta kasance da kwamitin iyaye da mutanen gari mai lura da ita. A yawancin garuruwanmu kwamitin nan yana neman wanda zai rubuta masa takarda zuwa ofishin ilmi na ƙaramar hukuma. Hutu mai zuwa za mu kasance a gida mako da makonni, da biro a aljihunmu.