Motar Miliyoyi, Tayar Gwanjo

Duk wanda ya saba zaga Babbar Kasuwar Katsina ya san irin mutumin da nake nufi. Zai faka Marsandi ko BMW mai sheƙi, wadda kuɗinta ya isa a gina gida, ya sauke gilashi ya ce wa yaron shago: "A samo mini 'yar Beljiyam mai kyau, amma fa a yi mini sauƙi." Wanda bai yi ciniki ba wajen sayen mota, ga shi yana jayayya a kan abin da ke ɗauke da ransa.

Da shi nake, domin ba shi da uzuri. Ɗan tasi yana iya kafa hujja da talauci. Mai motar ƙawa kuwa sakaci ne kawai hujjarsa. Dukan ƙarfin injin da yake taƙama da shi yana taɓa kwalta ne a wurare huɗu, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Bakatsine ba ya hawan sallah sai ya duba kofaton dokinsa, komai tsadar sirdi.

Taya ba ta ɓoye shekarunta. A gefenta akwai lambobi huɗu bayan haruffan DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Akwai kuma harafin gudu: H na jure kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y 300. Motar da aka ƙera don W, in aka sa mata abin da bai kai ba, an rage mata ƙafa ne aka bar mata zuciya. Wasu tayoyin gwanjon ma na hunturun Turai ne, masu tambarin dusar ƙanƙara. Robarsu mai laushi ce, ba a yi ta don kwaltar Katsina zuwa Kano a zafin Afrilu ba.

Za a ce sabuwar taya ta yi tsada. Gaskiya ne. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ta bi sahu a Legas a 2008, muka koma dogaro da na waje. Amma tsoffin tayoyi suna cikin jerin kayan da Kwastan ta haramta shigowa da su, kuma mai iya zuba wa irin wannan mota fetur ba zai ce taya ta gagare shi ba. Araha ba ta ado.

Mai gyara ma a zaɓe shi da hankali. Wanda ke auna iska da bugun ƙafa ba na wannan mota ba ne. A nemi mai geji, mai injin daidaita taya, mai bin ma'aunin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, wanda in ya ga tsaga a gefen taya zai ce ba ta facuwa, ko da ya rasa cinikin.

In taya ta fashe a guje, sai a taru a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. To, amma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kuma ba shi kaɗai ke biyan kuɗin arahar ba: akwai iyalinsa a kujerar baya, akwai mai babur da ke tafe a gefen hanya, wanda ba a yi shawara da shi ba ranar ciniki.