Wasiƙar Bakin Kwara: Giwan Ruwa a Bazara

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka sāke ba ni ɗan filin nan nawa na kowane mako, gama maganar yau ta shafi tukunyar kowane mai gida daga nan ƙasar Bagudo har Yawuri, watau maganar kamun giwan ruwa da bazara.

Da fari ya kamata malamanmu na Kano da Zariya su san halin Kwara a nan wajenmu, don ba kamar rafukansu take ba. Sau biyu take cika a shekara. Akwai farin ruwa, wanda ruwan daminarmu ke kawowa wajen watan Satumba. Sa'an nan akwai baƙin ruwa, wanda asalinsa daminar duwatsun ƙasar Gini ce. Sai ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, laka ta kwanta, kana ya iso mana garau cikin tsakiyar ɗari, sa'ad da ko ɗigon ruwa ba ya saukowa daga sama. Daga watan Maris sai ya fara janyewa. Kafin Mayu da Yuni yashi ya fito fili, tsibirai sun bayyana, kifi kuwa ya tattaru a gurabe masu zurfi. To, lokacin nan ne Sarkawa da sauran masunta ke samun giwan ruwa, lokacin nan ne kuma ake yi masa ɓarnar da na zo faɗi.

Ba a banza aka ba shi sunan giwa ba. Yakan kai tsawon mita 2, nauyinsa kuwa har kilo 200, ko da yake irin wannan sai a tafkuna manya. A wasan su na Argungu na 2005 wanda ya ci gasa nauyinsa kilo 75 ne, sai da ƙarti huɗu suka taru kafin a ɗora shi bisa ma'auni. Abincinsa 'yan'uwansa kifaye ne, musamman karfasa, saboda haka mai son kama babba sai ya sa ɗan kifi mai rai a ƙugiya, ya sake shi a bakin gurbi da asuba ko da almuru, ya yi ta haƙuri. Amma duk da girmansa ba shi da jimirin tarwaɗa. Tarwaɗa takan rayu cikin taɓo, shi kuwa da ruwa ya gurɓace ya rasa iska sai ya juya ciki sama. Kuma ba ya hayayyafa sai ya kai wajen shekara 3. Ƙananansa cikin ciyawar bakin gaɓa suke ɓuya har su yi ƙarfi.

Jama'a, ku dubi abin da ake yi. Sai mutum ya ɗauki gidan sauro, wanda aka raba don tsare 'ya'yansa daga zazzaɓi, ya ɗinka shi ya zama taru, ya ja shi cikin ciyawar nan ya kwashe kome, har da giwan ruwa da bai fi yatsa ba. A shanya su a rana, a auna da kwano. Ashe wanda ya sayar da kwano ɗaya na waɗannan bai san buhu nawa ya sayar ba? Mafi muni kuma shi ne mai zuba guba. Kakanninmu sun san magimfa, amma ƙarfinta kaɗan ne, kuma ba kowa ke taɓa ta ba sai da izinin Sarkin Ruwa. Yanzu kuwa maganin ƙwarin gona ake tuttulawa a gurbi, kifi ya taso, a ƙyafe shi a banda, a kai kasuwa, mai saye bai san abin da ya kai wa iyalinsa ba. Dabbobin Fulani kuma daga gurbin nan suke sha. Dokar kamun kifi ta 1992 ta hana su da guba ko nakiya, amma doka tana cikin takarda, gurbi kuwa yana daji.

Na san abin da masunci zai ce, kuma ba na raina maganarsa. Zai ce bazara lokacin yunwa ce, rumbu ya yi ƙasa, ga kuɗin iri da na taki. Zai ce kuma in shi ya bari, na Gaya ko na Malanbil ba zai bari ba. Wannan ta biyun ita ce mai nauyi. Kwara ta raba Nijar da Benin kafin ta shigo mana ta wajen Lolo, kifi kuwa bai san kwastan ba. Ko da aka rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, shinkafa aka tsare, giwan ruwa bai fasa kai da kawowa ba. Akwai hukumar ƙasashe 9 masu rabon kogin nan, mazauninta Yamai, amma a ganina maganar da Sarakunan Ruwa na ɓangarorin uku za su ƙulla a tsakaninsu ta fi saurin kaiwa ga mai kwalekwale, tun da yake galibinsu dangin juna ne, da Dandanci ko Hausa suke gaisawa.

Abin mamaki, a wata ƙasa kukan da ake yi da kifin nan dabam ne. An kai shi tafkin Biktoriya na Afirka ta Gabas wajen 1950 da 'yan kai, inda ba a san shi ba, ya cinye ƙananan kifayen wurin iri-iri har waɗansu suka ɓace. Duk da haka da ya zama abin cinikinsu zuwa Turai, sai Uganda da Kenya da Tanzaniya suka yanka ƙa'ida kada a kama wanda bai kai santimita 50 ba. Su da ya zo musu baƙo sun tsare shi, mu da muka gāje shi muna aunawa da kwano.

Ba ma sai mun je nesa ba. Me ya sa ake samun manya a Matan Fada? Don an hana su a wurin duk shekara sai ranar wasa, tun kuwa 1934 ake wasan nan. Ina roƙon hakimanmu na ƙasar Gwandu su zauna da Sarakunan Ruwa kafin ruwa ya janye, kowane gari ya keɓe gurbi ɗaya ko biyu da ba za a jefa kome ciki ba daga Afrilu har farin ruwa ya zo. A kuma tsayar da cewa idon taru kada ya gaza inci 3, a riƙa duba banda a ranar kasuwa. Malaman makaranta kuma su karanta wa iyayen yara wannan wasiƙa, gama mafi yawan masuntanmu jarida ba ta isa hannunsu.

In akwai wani daga Illo ko Yawuri da ya ga an gwada keɓe gurbi a garinsu, ya rubuto wa Edita yadda aka yi da wanda ya karya dokar.

Naka,
Akawu, Geza.