Danƙon Da Ke Tsai Da Masana'anta

A masana'antar sarrafa sinadaran man fetur, irin ta Eleme a Jihar Ribas inda ake yin ƙwayoyin roba, akwai injin da in ya tsaya kome ya tsaya. Shi ne kwampireso, mai matse iskar gas ɗin da ta fito daga tanderu kafin a rarrabe ta. Saboda tsadarsa, galibi guda ɗaya tak ake girkawa, babu na canji.

Abin da ke karya wannan inji a hankali yake shigowa. Gas in an matse shi zafi yake yi, zafin kuwa in ya haura kimanin digiri 90 a ma'aunin Salshiyas, sai waɗansu sinadarai da ke cikinsa, kamar butadayin da sitirin, su fara harhaɗuwa suna zama danƙo. Danƙon nan shi ke manne wa fukafukan injin da bututun sanyaya gas, ya daskare. Daga nan hanya ta ƙuntata, injin ya riƙa cin makamashi fiye da da, aikinsa kuwa yana raguwa. Zafi ya ƙaru, ƙarin zafin ya haifar da ƙarin danƙo. Ran da wani curi ya ɓamɓare daga gefe guda, sai injin ya kama karkarwa, tilas a kashe shi.

Injiniyoyi sun daɗe da sanin maganin. Akan matse gas ɗin mataki-mataki, huɗu ko biyar, ana sanyaya shi a tsakani. Akan fesa tataccen ruwa don rage zafi, a fesa man wanki don kada danƙon ya kama, a zuba sinadarin da ke hana harhaɗuwar. Sannan kullum a rubuta zafi da matsi da girgizar injin, domin a cikin lissafin nan ne ake fara ganin cutar.

To, a nan ne muke da magana da jami'an da ke sa hannu a kan takardun saye. Kuɗin man wanki da na sinadari suna da sauƙin sokewa, don ba a ganin illar a watan da aka soke su. Sai bayan an manta, masana'anta ta tsaya kwana da kwanaki, a ɗora laifin a kan ma'aikatan da ke kan inji.

Muna kira ga hukumomin masana'antun nan, na gwamnati da na 'yan kasuwa, su keɓe wannan kuɗi kada wani tsimi ya taɓa shi, kuma kada a rage ko lita guda sai da sa hannun injiniyan da ke riƙe da littafin injin.