A Bar Ruwa Ya Huta Bayan Ambaliya

Ina so in yi magana a kan kogi da kifinsa, domin duk shekarar da ambaliya ta wuce sai in ji ana cewa ruwa ya tafi da kifi. Ni kuwa a ganina an ɗora wa ambaliya laifin da ba nata ba.

Ba na musun ɓarnarta. Wanda ya ga ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agusta na 1988, ko abin da ya sami Ringim da Haɗeja a daminar 2022, ya sani tana rushe gidaje, ta cinye gero da shinkafa, har ta ɗauki rayuka. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma ga kifi, cikowar ruwa ita ce lokacin haihuwa. Idan kogi ya tumbatsa ya malala cikin fadama, tarwaɗa takan bi shi da dare ta zuba ƙwai cikin ciyawa, kwana ɗaya ko biyu ya ƙyanƙyashe. Karfasa tana goyon 'ya'yanta a baki, gaiwa kuwa da ta yi rani cikin busasshen taɓo sai ta fito. Ruwan ya jiƙa taki da ruɓaɓɓen ganye, ƙwari su yawaita, ƙananan kifi su ci su yi ƙwari, sa'an nan su koma kwarin kogi in ruwa ya janye. Shaidar wannan magana tana fadamun Haɗeja da Nguru: tun da aka tare ruwa a Tiga a 1974, da Challawa a 1992, malalar damina ta ragu a can, kamun masunta ma ya ragu.

To, me ke hana kogi farfaɗowa? Mu dubi namu na Minjibir, watau madatsar Wasai da aka gina a kan kogin Jakara a 1976. Jakara daga birnin Kano ya taso, yana ɗauke da ƙazantar unguwanni, rafin Getsi kuma ya ƙaro masa dagwalon masana'antun Bompai. Wannan cuta ɗaya ke nan, maganinta yana wuyan hukuma. Ta biyu kuwa tamu ce. Na gani da idona a wata kasuwar ƙauye ana auna busassun 'ya'yan kifi da mudu, kowane bai kai ɗan yatsa ba, an tace su da gidan sauro. Waɗansu kuma sukan zuba magimfa ko maganin ƙwari a kududdufi, babba da ƙarami su taso sama. Wane manomi ne yake yankan gero tun yana kunnen kura, sa'an nan ya zagi damina?

Mutanen Kabi sun riga mu gane wannan. A Argungu, inda bikin su ya kafu tun 1934, akan hana kamu a Matan Fada sai ranar da aka yi izini, shi ya sa ake fid da giwan ruwa wadda mutum ɗaya ba ya ɗauka sai da taimako.

Wani zai ce, masuncin da ruwa ya cinye gonarsa, me zai ci in an hana shi su? Tambaya ce ta gaskiya, yunwa ba ta jiran kaka. Ban ce a hana shi ba. Na ce ya jefa taru mai manyan idanu, ya bar wuraren ƙwai har ruwa ya koma mazauninsa. Ku kuma fatake da kuke ba shi bashin taru da kwalekwale, ku jinkirta masa biya a irin wannan shekara, ku daina sayen 'ya'yan kifi, gama abin da ba shi da mai saye ba a kamo shi. Sarakunan ruwa su tsaya a kan dokar da suka gada. Mu malamai mu faɗa wa iyayen yara cewa zuba guba a ruwan da mutane da dabbobi suke sha cutar da jama'a ne.

In mun yi haƙurin wata uku, mudun nan na bana shi ne kwandon baɗi. Allah ya ba mu damina mai albarka. Haza wasalam.

Daga wani malamin makarantar allo, Minjibir.