Ra'ayinmu: Sabon kamfani ya fara girma ko ya fara cin riba?

A watan Afrilun 2019 kamfanin Jumia ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a kan dala 14.50 kowane kaso, kuma cikin 'yan makonni farashin ya ninka sau uku. Tun da aka kafa shi a Legas a 2012 bai taɓa rufe shekara da riba ba, amma masu zuba jari ko a jikinsu. Hujjarsu Amazon ce, wanda aka kafa a 1994 bai ga ribar cikakkiyar shekara ba sai 2003.

Hujjar tana da nauyi. Kuɗin gina manhaja kusan ɗaya ne, ko mutum dubu ke amfani da ita ko miliyan, don haka akwai kasuwancin da ba ya biyan kansa sai ya yi faɗi. Wanda ya tsaya ƙirga riba tun shekarar farko, mai jari mai kauri na iya zuwa ya karya farashi ya kwashe masa masu saye.

Sai dai girman da ake yi da rangwame da kai kaya kyauta, aljihun wani ne ke ɗaukar nauyinsa. Da babban bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa a 2022, har ya haura kashi 5 cikin ɗari a 2023, masu jarin suka ɗaure bakin jaka. Kamfanonin Najeriya kuma sun sha duka biyu: da dala suka karɓi jari, da naira suke ciniki, ga dalar da ake saye a kan kusan naira 460 a farkon 2023 ta wuce 1,500 a 2024. Ciniki na ƙaruwa a littafi, a idon mai jari yana raguwa. Ɗaya daga cikinsu, 54gene, ya rufe a 2023. Jumia ya canza shugabanni a ƙarshen 2022, ya rufe sashen kai abinci a 2023, ya fice daga Afirka ta Kudu da Tunisiya a 2024. Asara ta ragu ƙwarai, amma ribar har yanzu alkawari ce.

Ra'ayinmu shi ne, ba laifi sabon kamfani ya yi asara, muddin kowane ciniki guda yana barin wani abu bayan an cire abin da aka kashe a kansa. Dubi Moniepoint: duk wanda ya ciri kuɗi a na'urarsa ta POS, a kasuwar Kwari ne ko a ƙauye, kamfanin na samun ɗan kasonsa. Irin wannan in ya ƙara faɗi, ƙarfi yake ƙarawa, kuma a 2024, lokacin da jari ya yi wuya, Moniepoint ya samu jarin dala miliyan 110. Wanda kuwa kowane kaya da ya kai gida yana cin uwar kuɗinsa, muna ba shi shawarar ya gyara farashi tun kafin ya buɗe reshe na gaba, ko da masu saye za su ragu.